Wanda Ya Tuge Alayyafon Matata

Ranar wata Talata da safe aka tuge alayyafon matata. Ta sauka lambu da kwandonta, ta dawo da shi wayam, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Malam, an yi mini aski." Na ɗaga kai daga littafi na ce Allah ya sawwaƙe, na koma layin da na tsaya. Kafin wata biyu su cika na binne ta.

A kwatas ɗin ma'aikata muke zaune, hawa na biyu. Bayan gidajen akwai wani siririn fili tsakanin bango da katanga, an yayyanka shi ƙananan lambuna, kowane gida da nasa, famfo ɗaya ga kowa. Yawancin mutane tarkace suke jibgewa a nasu. Ita ta kewaye nata da waya, ta shuka tumatir, barkono, albasa, sai alayyafo da latas da suka cinye rabin wurin. Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da ta rena a duniya biyu ne, lambun nan da ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta. Tun yana tatata iyayensu suka rasu, a ɗakinmu ya girma, har ya zama tela ya buɗe shagonsa a bakin titi. Ya haura arba'in, amma kullum da yamma sai ya hawo ya ci abinci a kwanon da yake ci tun yana makaranta.

Shekarun baya an yi mata aikin zuciya, aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa. Ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Haka kuma ba ta taɓa cin abinci babu ganye ba, rana da dare, amma na lambunta kawai. Na kasuwa ta ce da ruwan kwata ake renonsa, ko kyauta ba ta so. Da aka tuge nata sai ta haƙura da ganye gaba ɗaya, ta sake zuba iri, ta zauna jira.

Irin ya fito, ya kai kamu ɗaya. A kwanakin ciwon kai ya hana ta sauka ƙasa. Wata safiya ta leƙa ta taga ta ga an sake tugewa. Ta zauna a ƙasa, ta kama kanta da hannu biyu. Da la'asar muna asibiti, ba ta san wanda ke kanta ba.

Likitan matashi ne, ina jin ko haifarsa ba a yi ba lokacin da na fara aiki a laburare. Ya ce jini ne ya tsiyaya mata a ƙwaƙwalwa, domin jininta ya tsinke fiye da kima. Ya tambaya ko ta ƙara yawan magani. Na ce a'a. Ko ta sha wani jiƙo? A'a. Ko ta canza abinci?

"Ta daina cin ganye," na ce. "An tuge mata."

Ya ajiye bironsa.

"Baba, koren ganye yana ɗauke da bitamin K, shi ke taimaka wa jini ya daskare. Maganinta kuma karya ƙarfin wannan bitamin yake yi. Shekara da shekaru muna auna maganin da mace mai cin ganye kullum. Da ganyen ya ɗauke, sai maganin ya rasa abokin kokawa."

Na yi rayuwata cikin littattafai, na karanta labarin guba iri-iri, wadda ake ɗigawa a kofi da wadda ake shafawa a wuƙa. Ban taɓa karanta inda aka kashe mutum ta hanyar ɗauke masa alayyafo ba.

A wajen zaman makoki na maimaita abin da likita ya faɗa, a gaban kowa. Na ƙara da nawa: duk wanda ya tuge ganyen nan shi ya kashe ta, kuma sai na nemo shi na faɗa masa ido da ido. Sannan na sauka na garƙame ƙofar lambun da kwaɗo.

Mutanen kwatas ba su sha wahalar tunani ba, suka ce makanike ne. Lambunsa ke manne da nata, sun sha faɗa a kan famfo, domin yakan wanke kayan inji a wurin, baƙin mai ya malalo mata cikin albasa. An taɓa jin ya ce wata rana sai ya nome lambun nan kowa ya huta. Cikin 'yan kwanaki aka daina kai masa mota, aka daina amsa wa matarsa gaisuwa. Ciyaman na kwatas, mutumin da ke son taro kamar ransa, ya sa ranar da za a zauna a kore su daga gidan.

Ni ma shi nake zargi. Amma ba na son a ba ni mai laifi kyauta, na fi son in same shi da hujja. Na je wurin 'yan sanda. Wanda na samu ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya tambaye ni a ƙarƙashin wane laifi zai shigar da alayyafo.

Shi ya sa na nemi Sajan. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun masu satar farauta, yanzu kuma yana ƙarar da tsufansa a bencin mai shayi yana ba da labarin haka. Ƙato ne, gwiwoyinsa sun mutu, bakinsa bai mutu ba.

"Malam, miji nake fara dubawa," ya ce tun kafin in gama buɗe kwaɗon. "Ɗaga ƙafarka."

Na ɗaga. Ya dubi ƙasan takalmina, ya leƙa lambun, ya daɗe yana kallo.

"Ka tsira. Ko sawunka ɗaya babu a nan. Shekara nawa kuka yi da aure?"

"Ba wannan na kira ka ka bincika ba."

Ya hana ni shiga. Ya bi gefen waya yana dogara sanda, yana nishi, yana gaya wa kansa yadda ya taɓa bin mutum uku a kan dutse. Can ya buga sandar a ƙasa.

"Ga ɗan banza! Takalmin aiki, dunduniyar hagu ta cinye, ga ɗigon baƙin mai. Wannan ko makaho ya karanta. Mu je gareji."

Mun sami makanike a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ita kaɗai ta rage masa. Ya fito da baya, ya ga ni, ya durƙusa.

"Baba, wallahi..."

"Bar wallahin tukuna," in ji Sajan. "Ka shiga lambun ko ba ka shiga ba?"

"Na shiga."

"Ka ji ko, Malam?"

"Da rana na shiga, bayan an tafi da ita asibiti. Na ji an ce an sake tugewa, na ce bari in gani da idona, don na san ni za a ce. Baba, mun yi faɗa da Mama, ban musa ba. Amma matar nan in na yi mata rashin kunya da safe, da yamma sai ta aiko wa iyalina da latas. In tuge in ci me?"

Muka koma lambun. Sajan ya sunkuya da ƙyar a kan sawun, ya taɓa gefensa da ɗan yatsa, ƙasar ta ruguje. Ya yi tsaki.

"Gaskiya ya faɗa. A kan busasshiyar ƙasa ya taka, ya fasa ɓawonta. Wanda ya yi aikin kuwa ƙasa na jiƙe ya yi shi, kuma ba takalmi a ƙafarsa." Ya miƙe yana riƙe ƙugu. "Kada ka gaya wa mai shayi."

Sai muka koma kan mai kayan miya da ke bakin get. Kowa ya san matata ta rage mata ciniki, tunda rabin kwatas kyauta suke samun ganye. An kuma ce washegarin tugewar farko an ga alayyafo mai kyau a tirenta.

Ba ta ko tashi daga kujerarta ba.

"Baba Malam, kullum akwai alayyafo mai kyau a tirena, matarka ce kaɗai ba ta gani, Allah ya jiƙanta. Kai kuma Sajan, tunda ka zo, sayen za ka yi ko ƙura za ka tayar mini a kan tumatir?"

"Iya, tambaya ce kawai."

"To tambayi katanga. Ni da sassafe ina kasuwa wajen sari, mutum ɗari sun gan ni."

Ya kuwa tambayi katangar. Ya zagaya bayanta ta cikin ciyawa, ni ina biye ina tsine wa ƙaya, har bakin ramin da ake zuba shara. Ya sa sanda ya janyo wani buhu. A ciki ga ƙananan alayyafon nan sun yi yaushi, da saiwarsu, an jera su kai da kai. Ƙarƙashin buhun akwai wani tsohon buhu, abin cikinsa ya riga ya zama taki.

"Ba ɓarawo ba ne," in ji Sajan. "Ɓarawo ba ya zubarwa. Ita kuwa Iya, ka ce ta zubar da ganye, gara ka ce ta zubar da haƙorinta."

Da yamma Auta ya kawo mini abinci, kamar yadda yake yi tun rasuwar. Shi ya ɗauki nauyin komai, shi ya karɓi baƙi, shi ya wanke kwanuka, shi ya naɗe tufafinta ya sa a akwati don kada in riƙa gani. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, shi da yake tela. Ya zuba mini, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, bai zuba wa kansa ba.

"Yaya, in an same shi me za ka yi masa?"

"Magana zan yi masa."

"Magana kawai?"

"Ka san ni ai."

Ya san ni. Na riga na tsara maganar, na goge ta, na wasa ta. Kowace safiya nakan maimaita ta ina aske gemu. Maganar da mutum zai ji ya kwana da ita har kabari. A duk abin da Allah ya hore wa mutane, wannan ce kaɗai baiwar da na tabbatar ina da ita.

Washegari Sajan ya riga ni zuwa, da ma na bar masa makullin kwaɗon. Na same shi zaune a kan bulo a tsakiyar lambun, yana nazarin ƙasar.

"Malam, an yi ruwan sama a makon da aka sake tugewar?"

"Ba a yi ba."

"Marigayiya ta sauko ta yi ban ruwa?"

"Ta kwana biyu ba ta sauko ba."

"To me ya jiƙa ƙasar?"

Ya ce in shigo, in taka inda ya taka.

"Duba. Alayyafo da latas kaɗai ya cire. Bai taka albasa ko ɗaya ba. Kowane rami ya mai da ƙasa ya shafe. Da ya gama, ya ɗauko butar ban ruwa ya shayar da tumatir da barkono, ya mai da butar kan ƙusarta. Na bi maƙiya a rayuwata, Malam. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya ba tumatir ruwa ba."

Ya nuna gindin wani tumatir da kan sanda.

"In ka tsiyaya ruwa daga sama yakan haƙa ɗan rami. Nan babu rami. Ga shatin gwiwa, ga kuma shatin bayan hannu a cikin laka, gaɓoɓi huɗu. A kowane gindi haka. Tafinsa yake shimfiɗawa a ƙasa, ruwan ya zuba a hannu, sannan ya gangara a hankali. Hannun namiji ne, ya fi nata girma. Wa ke ban ruwa haka?"

"Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ka ce wa ciyaman a yi taron a nan."

Ciyaman ya zo da babbar riga da jawabi. Mutanen kwatas suka jeru a bayan waya. Makanike ya tsaya gefe ɗaya shi kaɗai, mai kayan miya ta zo tana mita an raba ta da ciniki. Auta ya rufe shago ya zo ya tsaya a bayana.

Sajan ya katse jawabin tun a gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, kafin a kori kowa, ga tumatirin baiwar Allah nan zai mutu da ƙishi. Kowa ya shayar da ɗaya, Allah ya kai ladan kabarinta. Malam, kai ne miji, fara."

Na karɓi butar, na kwarara ruwan daga tsaye, laka ta fallatso mini a wando. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Makanike ya zuba nasa kamar yana cika lagireton mota. Mai kayan miya ta watsa wa ganyen daga sama, yadda take yi wa na tirenta don ya yi kyan gani. Ciyaman ma ya zuba, yana tattare hannun riga.

Sajan ya miƙa wa Auta butar.

Ya daɗe a tsaye da ita. Na sha tambayar kaina ko hannunsa ne ya ci amanarsa, ko kuwa gajiya ya yi. Ina jin gajiya ya yi. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa. Ya durƙusa a gindin tumatir na ƙarshe, ya shimfiɗa tafinsa a ƙasa, ya tsiyaya ruwan a kai, a hankali, har butar ta ƙare. Bai tashi ba.

"Haka ta koya mini," ya ce. "Wai kada a firgita saiwa."

Ya ci gaba, yana durƙushe.

"Ni nake karɓo mata magani. Ranar nan a layi na haɗu da wani mutum, matarsa irin maganin yayata take sha, jini ya daskare mata, rabin jikinta ya mutu. Ya ce ganye ne, ganye ke kashe maganin. Na tambayi wasu a layin, kowa ya ce haka ne, masu shan maganin nan ba sa cin ganye. Na zo na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, Auta, tsaya a ɗinkinka. Na sake faɗa, ta ce in na ƙara za ta mare ni kamar da."

"Shi ne ka tuge?" in ji ciyaman.

"Na san ba za ta ci na kasuwa ba."

"Na biyun fa?" Sajan ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na ga jikinta yana yin tabo, ga ciwon kai. Na ce ciwon ne ke neman dawowa, ga ganyen ya kusa isa ci." Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. "Yaya, sau biyu na hawo in gaya maka. Na tarar kana karatu."

Mutumin layin bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya ba shi. Ganye yana rage ƙarfin maganin. Abin da likitoci ke cewa shi ne kada a canza, mai ci ya ci gaba da cin abinsa daidai yadda ya saba. Kafin maganar ta gangaro daga ɗakin likita zuwa layin karɓar magani, ta zama kada a ci.

Ciyaman ya gyara riga. Ya zo kora, bai so ya koma hannu banza.

"To, Malam, ga shi nan. Ka ce za ka faɗa masa ido da ido."

Kowa ya juyo gare ni. Maganar tana nan a bakina, a wase, ba abin da ya ɓace daga cikinta. Amma maƙiyi na ɗinka wa ita, ba ta shiga jikin wannan ba. Na laluba in samo wata, na tarar ban tanadi ko ɗaya ba. Auta yana durƙushe, laka a gwiwarsa, yana jira. Ko zagi ne da ya karɓa da godiya.

Makanike ne ya tako ya kama shi ya ɗaga. Auta ya rataye butar, ya sa takalminsa, mutane suka dare masa ya wuce. Na ce a raina gobe, idan na huce, idan na sami kalmomin da suka dace.

Da yamma bai hawo ba. Da safe na je shagonsa na tarar a rufe. Ta tsagar ƙofa na hango keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane, ɗinkunan mutane a jere a kan tebur, kowanne a naɗe, ya gama su duka.

Sajan ya bi mini sawunsa ba tare da na roƙe shi ba, daga bayan shagon, ta lungun masu walda, har bakin tashar mota. A nan ya tsaya ya jingina da sandarsa.

"Daga nan kwalta ce, Malam. Ba ta riƙe komai."

An ci gaba da kai wa makanike mota. Ciyaman ya sami wani abin yi wa taro. Ni na bi duk inda aka ce an ga mai kama da shi, na gaji da hawa mota ina sauka ina kallon telolin da ba shi ba. Shekaru sun tafi. Ban sani ba ko yana raye.

Kalmomin sun zo daga baya, kuma ba su da wani kyau, ba irin waɗanda zan yi alfahari da su ba ne. Ni ma a lokacin ban san abin da likita ya sani ba. Da ni na tsaya a layin nan na ji abin da ya ji, tsoron da ya kama shi zai kama ni.

Auta, da ka katse mini karatun ka faɗa mini, da tare za mu tuge.